Haƙarƙarin da na gasa a Anguwan Rogo aka ci da zafinsa a Bukuru

Duk wanda ya taɓa gasa haƙarƙari da hayaƙi ya san cewa in dai kana da haƙurin zama kusa da wuta to gashin zai yi. Inda ake shan wahala shi ne tsakanin lokacin da naman ya nuna da lokacin da mutane za su zauna su ci. Nama ba ya bin agogo, wani ɓarin awa 4 ya yi laushi wani kuma sai ya kai 6 yana ja maka rai, su ma mutanenmu ba bin agogon suke ba, a ce maka walima ƙarfe 2 amma sai an idar da la'asar za ka ga an fara shimfiɗa tabarma. To wannan tsakanin nake so in ba da labari, yadda na yi da shi a sunan ɗan yayana cikin Disamba, lokacin da sanyin Jos ke kan ganiyarsa.

Shi Yaya a Bukuru yake zaune, ni kuma ina Anguwan Rogo, kuma durom ɗin da nake gashi da shi ba abin ɗauka a sa a mota ba ne, rabin durom ne da mai walda ya yi min ƙafafu da murfi da ɗan bututun hayaƙi. Ya kira ni ya ce "Auta, ragon suna dai mata za su soya kamar yadda aka saba, amma abokaina na ofis za su zo, ina so ka yi mana irin naka ɗin nan mai hayaƙi." Na ce Yaya ba matsala, ƙarfe nawa? Ya ce biyu. Na ce biyun gaske ko biyun walima? Ya yi dariya ya kashe waya, daga nan na san zan riƙe naman nan aƙalla awa uku bayan ya sauka daga wuta, ga kuma tafiyar mota a tsakani.

Gashin kansa ba zan daɗe a kai ba. Awazar rago na saya da ɓari ɗaya na haƙarƙarin sa, kuma sai da na tsaya a kan mahaucin saboda hannunsu ya saba, kana juya baya sun sassare maka shi gutsi-gutsi. Na ce Baba don Allah a bar min shi ɓari guda yadda yake, kar adda ta taɓa shi. Na ɓare tantanin nan da ke bayan ƙasusuwa, na shafe shi da gishiri da masoro da tafarnuwa da citta tun dare, ya kwana a firij. Da asuba na hura gawayi a gefe ɗaya na durom, nama a ɗaya gefen, ina jefa guntayen busasshen itacen mangwaro don hayaƙi. Itacen turare ya cika garin nan amma ni ba na sa shi, warinsa na kama nama ya yi ɗaci-ɗaci. Zafin cikin durom ina ƙoƙarin tsayar da shi tsakanin digiri 110 da 120. Haƙarƙarin sa ya riga na rago shiga da kusan awa biyu tunda ya fi kauri. Wajen sha biyu da rabi na rana ma'aunin zafi mai tsinke da nake sokawa ya nuna 93 zuwa 95 a tsakiyar tsoka, kuma tsinken na shiga ba turjiya, shikenan ya nuna. A wannan zafin ne jijiyoyin da ke tsakanin ƙashi da tsoka suka gama narkewa suka koma romo mai danƙo, shi ya sa haƙarƙarin da aka yi wa gashin sannu yake saɓulewa daga ƙashi.

Yanzu me ya sa na damu da zafin har haka, tunda ai tsire ma ana saye a kai gida a ci da sanyinsa? Abu biyu ne.

Na farko kitse. Kitsen rago yana fara daskarewa tun wajen digiri 45, alhali zafin bakin mutum 37 ne, wato in ya riga ya daskare bakinka ba zai iya narkar da shi ba, shi ne za ka ji ya lulluɓe maka ganɗa da leɓe kana ta neman ruwan zafi ko shayi. Awaza kuwa rabinta kitse ne. Kuma ba ta da kauri, faɗi gare ta, saboda haka zafi na fita daga jikinta da sauri fiye da cinya ko katara. Ka haɗa wannan da Jos da ke kan tudu sama da mita 1,200, ga iskar hunturu tana kaɗawa, wallahi ka ajiye awaza a tire a tsakar gida kafin ka je ka yi alwala ka dawo ta yi fari fat da kitse. Aikin awa shida ya tafi a minti ashirin.

Na biyu shi ne wanda mutane ba sa ɗauka da muhimmanci, ciwon ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa dafaffen abinci a riƙe shi sama da digiri 60 har a ci, kuma kar a bar shi a zafin ɗaki fiye da awa 2. Amurkawa su ma lambarsu ke nan, suna rubuta 140 a ma'auninsu, a Ingila kuma 63 suke sawa. Tsakanin digiri 5 da 60 nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Za ka ce ai naman ya sha wuta awa shida me ya rage a ciki? Akwai wata ƙwayar cuta, Clostridium perfringens, da ke yin wani ƙoƙo mai tauri ta ɓuya a ciki, girki ba ya kashe ta a wannan yanayin, sai abinci ya sauko ya yi ɗumi-ɗumi ta farfaɗo ta fara ninkuwa, kuma ta fi son nama da miyar nama da aka dafa da yawa aka ajiye, irin na biki da suna sak. Ba ta canza wari ba ta canza ɗanɗano. Sai bayan awa 6 zuwa 24 mutum ya fara murɗar ciki da gudawa, gari ya waye ana cewa ai ruwan gidan ne ko zoɓon ne, ba wanda zai zargi naman da ya yi daɗi. Saboda haka ɗumi-ɗumi ɗin nan da muke cewa "ai bai huce ba" shi ne mafi hatsari. Ko dai zafi sosai ko firij.

Hanyoyin da suka fara zo min a rai guda biyu ne kuma duk na ajiye su. In bar shi a gefen wuta yadda masu tsire ke yi a tukuba, suna turawa can baya suna yayyafa mai, in mai saye ya zo su jawo su ɗumama. Wannan yana musu aiki ne saboda namansu yankan sirara ne kuma yana tafiya da sauri. Haƙarƙarin da ya riga ya kai 95 in ka bar shi awa uku a iskar durom mai zafi zai bushe ne, gefensa ya koma kilishi. Sai oben. In kana da na lantarki wanda ke sauka har 65 ko 70, to ka huta, ka naɗe nama a foyil ka sa a ciki, gidajen gashi na Texas ma haka suke yi da naman sa, suna da akwatin ɗumi da suke ajiye shi awoyi a ɗan sama da 60 kafin su buɗe shago. Amma oben ɗin gas da yawancinmu ke da shi ko ka rage wutar ƙarshe yana wuce 120, wannan ci gaba da girki ne, na lantarkin kuma ana iya ɗauke wuta kana can kana wanka ba ka sani ba. Ballantana ni tafiya ce a gabana.

Kula na ɗauko. Babbar kular nan mai murfi da ake zuba lemo da ƙanƙara ko shinkafar biki, wadda kowane gida akwai ta a sito. Abin da ya kamata a gane game da ita shi ne ba ta da zafin kanta, kamar bargo take, abin da ka shiga da shi take riƙe maka. In ka sa nama mai zafi a kular da ta kwana a sito cikin sanyin Disamba, jikinta zai fara shanye zafin naman kafin ta fara riƙe komai. Don haka tun naman na kan wuta, saura kamar rabin awa, na sa aka dafa ruwa babbar tukunya, na bar shi ya ɗan sauka daga tafasa saboda tafasasshen ruwa na iya lanƙwasa robar ciki, na juye a kula na rufe. Minti ashirin zuwa talatin. Da na zubar na goge, in ka sa hannu ciki za ka ji bangon ya ɗau zafi sosai.

Shi kuma naman da na sauke ban naɗe shi nan take ba. Na bar shi a kan tire a kicin, inda ba iska, wajen minti goma, tururin farko ya fita. Dalili, in ka rufe shi yana 95 ka jefa a kula mai zafi, girki yake ci gaba da yi a ciki, bayan awa uku za ka buɗe ka tarar ya dagargaje ka ɗaga ƙashi ya fito shi kaɗai, ya zama naman dambu ba haƙarƙari ba. So nake ya sauko kusan 80 sannan ya shiga. Amma fa minti goma ne ba rabin awa ba, awaza ba ta da jikin da za ta yi asarar zafi da yawa.

Naɗin kuma na yi shi kala biyu. Na rago na sa foyil mai kauri ninki biyu, saboda bakin ƙashi yana huda foyil, in ya huje romo ya tsiyaye tururi ya gudu. Na juya tsokar tana kallon ƙasa ƙashi a sama, na zuba ɗan romon da ya tsatso a tire cokali biyu uku kafin in rufe, kuma na haɗa ɓari biyu-biyu a naɗi ɗaya don su riƙa ɗumama juna. Na sa kuwa ya yi wani ɓawo baƙi-baƙi mai daɗi a sama wanda ba na son ya jiƙe, shi sai na fara naɗe shi da takardar ruwan ƙasa irin ta gashi sannan na ɗora foyil sako-sako a kai. Masu balangu sun daɗe da sanin wannan dabarar ta takarda, tana shan mai tana barin nama ya yi numfashi. Sai dai ni ba na amfani da takardar buhun siminti, ba na sa jarida saboda tawada, leda kuwa ko kusa, leda da nama mai zafi ba su haɗu ba.

Abu ɗaya da na hana: yaji. Matata ta kawo shi za ta barbaɗa na ce a'a Maman yara bar shi a roba. Yajin tsire akwai ƙuli-ƙuli a ciki, in ya zauna cikin tururi awa uku tunkuza yake komawa ya dame a jikin nama. Kuma ban yanka ko ƙashi ɗaya ba, duk inda wuƙa ta bi ƙofa ce ka buɗe wa zafi da romo.

Jerin cikin kula: tsohon tawul mai tsabta a ƙasa ninki biyu, don ya kare robar kuma ya tare abin da zai ɗiga. Sai naɗin naman sa, tunda ya fi nauyi. Sai na rago a kai. Daga nan kular ta rage kusan rabi ba komai, kuma wannan iskar da ke ciki ita ce ke cinye zafi, dole a cike gurbin. Da ma na gasa dankalin turawa a foyil a cikin garwashi, irin manyan nan na Bokkos da na saya a Farin Gada, sai na jera su da zafinsu a gefe da gefe. Dankali yana riƙe zafi sosai, ga shi abin ci ne, ka jefi tsuntsu biyu ke nan. Wanda ba shi da dankali zai iya sa kwalaben ruwan zafi masu murfi mai kyau, ko jan bulo da aka ɗumama a wuta aka naɗe a tawul. Sauran wurin na cusa tawul da tsohon zani har sai da na danna murfin da ƙarfi kafin ya rufu. Ƙarfe ɗaya da ƴan mintuna na rufe.

A mota ban sa ta a but ba, kujerar baya na ɗora ta na lulluɓe da bargo, but ƙarfe ne mai sanyi kuma kula na yawo a ciki in ka shiga rami. Na bi ta Terminus na sha gosulon Asabar, na ƙara shan wani wajen Dadin Kowa, na isa Bukuru biyu saura. Kamar yadda na zata, ko kujeru ba a gama saukewa ba.

Daga nan aikina ya koma gadi, kuma gaskiya ya fi gashin wuya. Ƙamshin hayaƙi na fita ko ta jikin tawul ne, kowa ya wuce sai ya tsaya. Yara suna zagaye. Wani kawunmu ya zo ya dafa murfin ya ce "kai ɗan nan buɗe mu ga abin da ake ta zuzutawa", na ce Kawu ka yi haƙuri, in na buɗe yanzu sanyi zai shiga, naka na musamman ne na ware maka mai kitse. Hajiya ma ta aiko a ɗibar wa baƙinta mata, sai da na je da kaina na durƙusa na yi mata bayani, ta ce "to Allah ya shirye ka, nama sai ka ce ajiyar banki." Kowace buɗewa zafi ne ke tafiya wanda ba ya dawowa, don haka na kai kular ɗakin Yaya na sa a lungu nesa da taga na ja ƙofa. Sau ɗaya na duba, wajen uku da rabi, na ɗaga gefen murfi na soka tsinken ta cikin foyil na sama, yana saba'in da wani abu, na mayar na rufe. Wanda ke da ma'aunin nan mai doguwar waya ya fi kowa jin daɗi, ya bar tsinken a cikin nama wayar ta fito ta ƙarƙashin murfi, yana gani ba sai ya buɗe ba.

Sai bayan la'asar abokan nasa suka cika, wajen huɗu da rabi. Kafin nan na roƙi masu girki su bar min garwashin murhu ɗaya, na ɗora wayar gashi a kai. Da na buɗe kula tururi ya taso, na sa yana 68, na rago da ke sama yana 64, duk suna sama da 60 bayan awa uku da rabi. A ganina iyakar abin da za ka nema daga kula ke nan in awaza ce, awa uku zuwa huɗu. Babban curin nama zai fi haka daɗewa. Da a ce na tarar ya faɗi ƙasa da 60 kuma ban san tun yaushe ba, to sai in lissafa, in bai kai awa 2 ba a mayar da shi wuta har tsakiyarsa ta kai 75 kafin kowa ya taɓa, in kuma ya wuce haka ban ba wa mutane shi ba ko da za a yi fushi.

Naɗi ɗaya nake cirowa a lokaci guda in mayar da murfi. In buɗe foyil a hankali in juye romon a kwano, in ɗora ɓarin a kan garwashi minti biyu uku kowane gefe, kawai don saman da tururi ya jiƙa ya sake ƙamewa kitsen ya yi ƙara, sannan in yanka tsakanin ƙasusuwa, in zuba romon a kai, yaji da albasa da tumatir da kabeji a gefe. Tiren ma sai da na ɗauraye shi da ruwan zafi, tiren silba mai sanyi yana daskarar da kitsen ƙasa nan take. Kafin tire ɗaya ya ƙare na gaba ya fito, haka har aka gama ba wanda ya ci mai sanyi. Kuma in faɗi gaskiya naman ya fi wanda nake ci kai tsaye daga durom, zaman da ya yi a naɗe ya sa romon ya koma cikin tsoka, ana yankawa ba ya malala a katako. Na rago dai ya ɗan fi laushin da nake so, in don ni ne a sauke shi a 90 in an san zai daɗe a kula.

Ɓari ɗaya ya rage Yaya ya ce a bar wa mai jego. Shi ban mayar da shi kula ba, kular ta riga ta huce, barinsa ciki har dare shi ne ainihin ɗumi-ɗumin da ake gudu. Na yayyanka shi na baza a faranti ya sha iska kaɗan aka sa a firij, washegari aka yi mata farfesu da shi. Wanda ke Abuja ko wani gari mai zafi, kula za ta fi riƙe masa zafi fiye da mu, amma abin da ya fito kan tire lokacin bazara, in zafin gari ya wuce 32, awa ɗaya ce iyakarsa ba biyu ba. Tawul ɗin kuma a ware su na nama ne kawai, warin hayaƙi da kitse ba ya fita ko an wanke da omo, ita ma kular a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu a ranar a bar murfin a buɗe ta bushe, in ba haka ba duk lemon da aka sa ciki nan gaba sai ya yi warin rago.